Ɗana ya tambaye ni wa ya halicci Allah, ƙanen babansa ya mare shi

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, mai niyyar zagi don Allah ya wuce. Babban ɗana yana aji biyar na sakandare, shekararsa 16. Shekaranjiya da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida ina tsince wake da fitilar waya, shi kuma yana kwance a tabarma yana kallon sama. Can sai ya ce, "Umma, an ce duk taurarin nan daga fashewa guda suka fito. To kafin fashewar me ke akwai? Kuma in komai sai da wanda ya yi shi, shi Allah wa ya yi shi?" Kafin in buɗe baki, ƙanen babansa da ke alwala a gefe ya ajiye buta ya zabga masa mari. Yaron bai yi kuka ba, ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki. Tun ranar in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Sallarsa yana yi a kan lokaci. Shirun nan nasa ya fi marin damuna. Ni karatuna bai kai can ba, me zan ce masa?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Hajiya, baffansa ya yi daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki karɓe wayarsa, ki kai shi a yi masa ruƙiyya.

Ɗan Zaure: Baba Soja, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tambayar ɗanki ta girmi kakan kakansa. A Sahihu Muslim, sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu wanda faɗinsa ya yi musu nauyi. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. A Bukhari da Muslim kuma ya ambaci wannan tambayar da bakinsa, cewa Shaiɗan zai zo wa ɗayanku yana cewa wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya ce wa ya halicci Ubangijinka, in ya kai nan sai mutum ya nemi tsari ya tsaya. Ba inda na karanta an ce a mari mai tambayar.

Sannan akwai gyara a ginin tambayar. Malaman tauhidi ba su ce komai yana da mahalicci ba. Cewa suka yi duk *fararre*, wato abin da da babu shi sannan ya samu, dole akwai wanda ya samar da shi. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure ya haddace sifofin: wujudu, ƙidamu, baƙa'u, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka. Ƙidamu shi ne rashin farko. Wanda ba shi da farko ba a tambayar wa ya fare shi, kamar yadda ba a tambayar nawa ne nauyin ranar Talata.

Malamin Fiziks: Hajiya, ni wannan darasin nake koyarwa, kuma duk shekara sai na samu yaro ɗaya ko biyu irin naki. Yawanci su ne masu kai a ajin. Bari in faɗi abin da kimiyya ta ce da inda ta tsaya, don ana jingina mata abin da ba ta faɗa ba.

Sunan ma shi ya fara rikita mutane. Babbar Fashewa, abin da Turawa ke kira Big Bang, ba bam ba ne da ya tashi a tsakiyar fili ya watsa duwatsu. Sararin ne kansa yake buɗewa. Ki ɗauki ƙullin fanke ki barbaɗa riɗi a ciki ki ajiye ya tashi. Kowace ƙwayar riɗi tana nisa da 'yar uwarta, ba don tana tafiya ba, don ƙullin da ke tsakaninsu ne ke kumbura, kuma waɗanda suka fi nisa da juna su suka fi saurin rabuwa. Irin wannan Edwin Hubble ya auno a 1929 da madubin hangen nesa na Dutsen Wilson a Kalifoniya: gungun taurarin da ya fi nisa da mu ya fi saurin guje mana. In aka juya lissafin baya, ana isa wani lokaci da komai yake a cunkushe cikin tsananin zafi, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Ba hasashe kawai ba ne, akwai sawu. A 1964 wasu mutum biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna gwajin wata ƙatuwar eriya a jihar New Jersey, sai wata ƙara ta hana su sakat. Duk inda suka juya eriyar a sama tana nan, dare da rana. Suka ga tattabaru sun yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka kankare kashinsu tas. Ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar zafin farkon nan ne, ya huce har ya kai kusan digiri 270 ƙasa da sifiri, ya cika sama ta kowace fuska. A 1978 aka ba su kyautar Nobel. Masu shekaru za su tuna yayyafin da tsohuwar talabijin ke yi in tashar ta rufe, ɗan kaɗan daga cikinsa wannan hasken ne.

Amma in yaron ya ce me ke akwai kafin nan, amsar gaskiya ita ce lissafinmu yana lalacewa kafin a isa wurin. Duk wanda ya ce miki kimiyya ta gano abin da ya kunna abin, ko ta gano babu wanda ya kunna shi, ya ƙara gishiri.

Bakanon Dabo: Allahu Akbar! Ai duk wannan yana cikin Alƙur'ani tun shekara 1400 da suka wuce. Suratul Anbiya aya ta 30, sammai da ƙasa a haɗe suke Muka raba su. Suratuz Zariyat aya ta 47, sama Mun gina ta da ƙarfi kuma Mu masu yalwatawa ne. Bature ya kashe biliyoyi ya dawo inda almajiri yake. Hajiya ki buɗe masa ayoyin nan, magana ta ƙare.

Mai Tambaya: Na jima ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba, kuma kun ga ba da sunana nake ba, kun san dalili. Ni ina cikin masu shakka. Ban zo zagin addinin kowa ba, iyayena musulmi ne kuma ina ƙaunarsu.

Bakano, tambaya ɗaya. In ayoyin nan Babbar Fashewa suke nufi, me ya sa ba wani mai tafsiri da ya ce sararin samaniya yana buɗewa kafin 1929? Sai da masu madubi suka gama wahala sannan aka ce ai dama yana ciki. In gobe suka canja magana fa?

Malam Ɗan Zaure, na yarda ka gyara tambayar, amma ba ka kashe ta ba. Ka ce dole a tsaya a kan wani abu marar farko. To me ya hana a tsaya a kan ita halittar kanta? Malamin Fiziks yanzu ya ce ba a san abin da ke bayan wancan lokacin ba. Mai yiwuwa akwai wani yanayi kafin shi, da wani kafin wancan. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a muhawararsa da wani limamin Katolika a rediyon BBC a 1948, cewa ya yi duniya tana nan ne kawai, shi ke nan. Kai ka ce Allah yana nan ba dalili, shi ya ce duniya tana nan ba dalili. Bambancin, ita duniya ina ganinta.

Tsohon Soja: Admin kana ina? A fitar da wannan. Ga irin abin da yaron zai zama nan in aka bar shi.

Admin: Baba, a yi haƙuri. Dokar zaure ita ce ba zagi, ba ɓatanci ga Allah da Annabawa, ba barazana. Bai taka ko ɗaya ba. Mai amsa ya amsa masa. Na goge saƙo biyu na waɗanda suka fara tambayar garin da yake, kuma wanda ya sake zan cire shi.

Ɗan Zaure: Bakano, ka yi haƙuri, Mai Tambaya yana da gaskiya a rabin maganarsa na farko. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ma'anar ayar Anbiya ita ce sama ba ta zubar da ruwa, ƙasa ba ta fitar da tsiro, sai Allah ya buɗe wannan da ruwa, waccan da tsiro. Ka duba ƙarshen ayar, maganar ruwa ce da rayuwa. Ta Zariyat kuma cikin magabata akwai waɗanda suka fassara da cewa Mu masu iko ne, wasu suka ce masu yalwata arziki. Lafazin yana iya ɗaukar ma'anar da kake so, ban hana ba. Amma ɗaure aya a jikin ka'idar da ake gyara ta duk bayan 'yan shekaru kamar ɗaure doki ne a jikin kara. Na ga samarin da aka gina imaninsu a kan irin waɗannan bidiyoyin, ranar da wani ya warware musu guda ɗaya sai ginin duka ya zube.

Mai Tambaya, yanzu gare ka. Abin da ka kawo an yi shi a cikin gidanmu tun kafin a haifi kakannin Russell. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana ganin duniya ba ta da farko a zamani. Imam Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi wa masana falsafa irinsa raddi a mas'ala 20, ya kafirta su a uku, wannan tana ciki. Ibn Rushd na Ƙurɗuba ya zo daga baya ya yi wa raddin raddi. Ni ɓangaren Gazali nake, amma ga abin lura: shi Ibn Sina da ya ce ba ta da farko bai ce ba ta da Mahalicci ba. Hujjarsa ba ta bi ta kan farko ba sam. Ya ce duk abin da ka gani a duniya zai iya kasancewa, zai iya rashin kasancewa. Kai da ni, rana, ƙwayar zarra. Abin da samuwarsa aro ce, ko ka jera irinsa ba iyaka, jerin gaba ɗaya aro ne. In kowa a kasuwa ya ce jarinsa bashi ya ciwo daga maƙwabcinsa, ko rumfunan sun kai daga nan zuwa Agadas, dole akwai mai kuɗin kansa, in ba haka ba ko sisi ba za a gani a kasuwar ba. Saboda haka ko an gano wani yanayi kafin Fashewar, da wani kafin shi, tambayar tana nan inda take. Cewa "tana nan ne kawai" ba amsa ba ce, ƙin amsawa ne.

Mai Tambaya: Misalin kasuwar ya yi kyau, zan yi tunani a kansa. Amma ka ɗauki dokar da ka koya a cikin kasuwa ka ɗora wa kasuwar gaba ɗaya. Kowane mutum yana da uwa, wannan bai nuna ɗan Adam a dunƙule yana da uwa guda ba. Sabab da musabbabi mun san su ne a cikin lokaci, wannan ya zo kafin wancan. In lokaci da kansa a can ya fara, kalmar "kafin" ba ta da wurin zama. Kuma ko na sallama maka akwai wani tushe mai tsayuwa da kansa, tsakanin wannan da Ubangijin da ke jin addu'a, ya aiko manzanni, akwai tafiya mai nisa.

Ɗan Zaure: Akwai tafiya, ban musa ba, malamai ma babi daban suka ware mata. Amma ka lura ka matsa daga "babu" zuwa "wane ne". Batun "kafin" kuwa mu ma ba mu ce Allah yana zaune cikin lokaci yana jira ba, lokaci halitta ne. Mutanen Yaman sun zo sun tambayi Annabi (SAW) farkon wannan al'amari, bai kore su ba, ya ce Allah ya kasance babu wani abu waninsa. Imrana ɗan Husaini da ya ruwaito yana cikin sauraro aka ce masa taguwarsa ta kwance, ya tashi bin ta, daga baya yana cewa ina ma ya bar ta ta tafi. Kullum na zo wurin nan sai na ji haushin taguwar nan.

'Yar Wusasa: Sannunku. Ni Kirista ce, amma Maman Biyu, muhawarar nan har a cocinmu ana yin ta, kuma mu ma muna da masu mari. Abin da zan ƙara wa Malamin Fiziks: wanda ya fitar da lissafin buɗewar sararin a 1927, shekara biyu kafin Hubble, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaitre. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa binciken ya gaskata labarin halitta. Kun san wanda abin bai yi wa daɗi ba? Shi limamin. Bai so a haɗa lissafinsa da aƙidarsa, yana ganin kowanne da hanyarsa. Mutumin da ya fi kowa hujjar yin irin murnar Bakano shi ne ya ƙi yin ta.

Malamin Fiziks: Haka ne Anti. Wani abin dariyar, a wancan zamanin wasu marasa addini ne suka fi ƙyamar ka'idar, don tana musu warin wa'azi. Fred Hoyle, masanin taurari na jami'ar Kambirij, wanda ya laƙaba mata sunan Big Bang a wani shirin rediyo a 1949, nasa ra'ayin shi ne duniya ba farko ba ƙarshe, kuma har ya mutu a 2001 bai karɓi Fashewar ba. Amma shi ɗin dai, da ya yi nazarin yadda sinadarin kabon ke samuwa a cikin taurari, ya ga sai wani ma'auni ya faɗa daidai wani ɗan siririn gurbi sannan abin zai yiwu, daga baya ya rubuta cewa kamar wani babban hankali ne ya taɓa dokokin fiziks. Kabon ɗin nan shi ne ginshiƙin jikinmu. Ni wannan daidaiton ya fi Fashewar taɓa ni. Masu musu suna cewa wataƙila duniyoyi ne barkatai, mu muka dace da wadda ta yi daidai, tunda a wadda ba ta yi ba babu mai tambaya. Zai yiwu. Sai dai ba wanda ya taɓa hango ko guda cikinsu, don haka in gaibu ne, kowa da nasa.

Mai Tambaya: Malam, bambancin shi ne masu duniyoyi barkatai suna kiran nasu hasashe, kuma ba sa marin kowa a kansa.

Hajiya, ke nake so in yi wa magana, ba su ba. Ina aji uku na yi irin tambayar ɗanki a islamiyya. Malamin ya sa aka riƙe ni ya yi min bulala goma a gaban ƙannena. Ban sake tambaya ba. Na ci gaba da zuwa, na sauke, aka yi walima, aka yanka rago. Abin da na koya a ranar shi ne ba su da amsa, shi ya sa suka dake ni. Sai da na kai shekara 25 na san akwai irin su Gazali da suka zauna suka yi wa tambayar littafi guda. Ban ce da an ba ni amsar Malam Ɗan Zaure a lokacin da yanzu ina sahun gaba ba, ban sani ba. Amma da ban tafi neman amsa wurin waɗanda suka fara da gaya min cewa an yi min ƙarya ba.

Tsohon Soja: Mu da aka daka ga mu nan da imaninmu.

Ɗan Maraɗi: Baba, wani an dake shi ya gyaru, wani an dake shi ya koyi ɓoyewa, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Ni ban yi boko mai zurfi ba. Kakana manomi ne, bai san biliyan ba, amma ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san lokacin da take ɓacewa da lokacin da take dawowa, da ita yake lissafin damina. In ya ga sawu a gona zai ce maka akuya ce ko tunkiya, da safe ta wuce ko da dare. Yakan ce shi bai taɓa ganin sawu ba mai ƙafa ba. Mai Tambaya zai ce wannan ba hujja ba ce, na sani. Ni dai ta ishe ni.

Bakanon Dabo: To shi kakan naka da bai san dalilan malamai ba, imaninsa ya inganta? Na ji an ce sai da dalili.

Ɗan Zaure: Wannan rigimar ma an yi ta a ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai masu ilimin kalam, wato ilimin hujjojin aƙida, da ke tare talakawa suna yi musu jarrabawar tauhidi, wanda ya kasa kawo hujjoji a tsarinsu su ce kafiri ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce yana yaƙar wannan, ya ce imanin gama-garin musulmi ingantacce ne. Kakansa lafiya lau yake. Amma yaron Hajiya ya riga ya tambaya, shi ba za a ce masa ya koma bai tambaya ba.

Mai Tambaya, bulalar nan zalunci ce, kuma ina ba ka haƙuri a madadin masu allo. Muhawararmu ba ta ƙare ba, ban amsa maka batun uwa ba. Uwa misali ne na abin da ba ya hawa kan jimla, amma akwai wanda ke hawa: in kowane tubali na laka ne, katangar ta laka ce. Sai mu duba samuwar aro wanne iri ce a ciki.

Mai Tambaya: Na karɓi haƙurin, na gode. Ni ina ganin irin ta uwa ce. Kawo hujjarka, ina nan.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan isha na kira shi ɗakina na miƙa masa wayar na ce ya karanta da kansa. Na yi niyyar tsallake na Mai Tambaya, sai na ga in ya gano na ɓoye masa wani abu mun koma gidan jiya. Ya karanta duka, wasu sau biyu. Wurin kashin tattabaru ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun ranar. Ya ce misalin kasuwa ya fi shigarsa, amma yana so ya ga yadda za a ƙare maganar tubali. Babansa ya yi wa ƙanen nasa magana, shi dai har yanzu yana cika yana batsewa, ya ce mun ɗaure wa yaro gindi.

Malamin Fiziks, ya ba ni saƙo gare ka. Wai ƙullin fanke a cikin roba yake tashi, shi sararin a cikin me yake buɗewa?

Malamin Fiziks: Hajiya, ki ce masa ya kama ni, a nan misalin nawa ya gaza. Yanzu zan shiga aji, in na fito zan rubuto masa. Kafin nan ya samo balan-balan da biro.